Yadda ƙauye zai riƙe makarantarsa ta gwamnati: jagora ga iyayen yara a karkarar Sudan

A ƙauyukanmu na bakin Nilul Azraƙ, tun daga Mai Wurno har Damazin da Rusairis, da waɗanda ke tsakiyar gonakin Gadarif, allon da aka kafa a ƙofar makaranta sunan gwamnati ne a jikinsa. Amma wanda ya taɓa zama a majalisar iyayen yara ya san iyakar abin da ke saukowa daga sama: malami, littafi idan an buga, sai jarrabawa. Alli, ruwan sha, abin zama, rufin da iska ta yaye, tuwon baƙon malami, duk a wuyan mutanen gari suke. Na yi shekaru ina riƙe da littafin kuɗin majalisar makarantarmu, kuma mu da gini muka fara. Muka tara kuɗin riɗi na kaka guda, muka ɗaga azuzuwa biyu na jan bulo, sannan muka tafi neman malami. Damina biyu azuzuwan nan suka yi awaki na fakewa a ciki. Ga jerin da ya kamata a ce mun bi tun farko.

Mataki na farko: ku san ƙofar da za ku ƙwanƙwasa

Harkar ilimi a Sudan hawa uku ce. Ma'aikatar tarayya ke tsara manhaja ta hannun cibiyar Bahtar-Rida da ke kusa da Duwaim, inda aka buɗe makarantar horon malamai tun 1934, kuma jarrabawar shahada sudaniyya, wato ta gama sakandare, a hannunta take. Ƙarƙashinta kowace wilaya, wato jiha, cikin 18 tana da hukumar iliminta, mai tsayar da kalanda da shirya jarrabawar ƙarshen firamare da ta matsakaiciya. Sai hawan ƙasa, wanda shi ne naku: ofishin ilimi na mahalliya, wato ƙaramar hukuma, da ɗan reshensa a wahda idariyya, gundumar da ke ƙarƙashinta. Turo malami da ɗauke shi, rabon littafi, zuwan muwajjih mai duba makarantu, duk ta nan suke bi. Na san ƙauyen da ya haɗa kuɗin mota ya tura dattawa huɗu babban birnin wilaya. Aka karɓe su da shayi da mutunci, aka ce su koma mahalliyarsu su zo da takarda.

Ku kuma san tsanin karatun yadda yake a yau, don ya sha canzawa. A 1970, zamanin Numairi, aka kawo tsarin shida, uku, uku. A farkon shekarun 1990 aka mayar da shi takwas na asas, wato karatun tushe, da uku na sanawi, wato sakandare. Bayan sauyin gwamnati na 2019 aka dawo da na da: shida ibtida'i, wato firamare, uku mutawassiɗa, wato matsakaiciya, uku sanawi. A takarda ƙaramin gyara ne. A ƙauye kuwa, makarantar da take riƙe yaro har aji takwas yanzu a aji shida take sakinsa, yana ɗan shekara goma sha biyu, kuma in babu mutawassiɗa kusa, shi ke nan karatu ya tsaya. Za mu komo kan wannan.

Mataki na biyu: ƙidayar yara, gida gida

Ofis ba ya jin "yaranmu suna da yawa". Suna yake so, da lamba. Ku sayi babban littafi mai layi, ku raba gari unguwa unguwa, ku rubuta kowane yaro daga ɗan shekara huɗu zuwa sha huɗu: sunansa, na uba, na kaka, na uban kaka, tunda a nan suna huɗu ake rubutawa, sai shekarunsa, ko yana da takardar haihuwa, da inda yake wuni, makaranta ce ko halwa, wato makarantar allo, ko gona ko bakin kogi wurin kamun kifi.

Mata za ku ba aikin nan. Namiji a zaure zai tsaya, maigida ya lissafo masa maza, ya manta da 'yan mata biyu da suka fita talla da marayan da yake riƙo. Ungozomar gari da wata yarinya da ta iya rubutu sun fi kwamiti na maza goma. Inda uwa ba ta san shekarar haihuwa ba, a tambaye ta da abin da ya faru: kafin a sauke Shugaba Bashir ne ko bayan nan, ko kuwa daminar babbar ambaliyar 2020 ce. Da haka za a gane ɗan shekara shida da ya isa shiga aji ɗaya.

Wani abu da ya ci mana tuwo a ƙwarya shi ne suna. Yaron da gida ke kira Garba, a halwa Abubakar ne, ranar da aka kai shi rigakafi kuma ma'aikaciya ta rubuta Babikir, yadda bakinta ya saba. Audu ya zama Abdullahi a nan, Abdalla a can. Tun a wannan littafi ku tsayar da suna ɗaya da harafin Larabci, wanda ya yi daidai da takardun uban, kuma kada a sake taɓa shi.

A shafin ƙarshe ku zana taswirar hannu: ga ƙauye, ga makaranta mafi kusa, ga tsawon tafiyar da ƙafar ƙaramin yaro, ga kwarin da ke cika da damina ya yanke hanya. Wannan kwari hujja ce mai ƙarfi, ku rubuta watannin da yake hana wucewa.

Mataki na uku: takardun yara

Mu Hausawan Sudan ba sai an ba mu labarin wahalar takarda ba. Akwai dattijon da aka haifi kakansa a bakin kogin nan, amma ya sha jeka-ka-dawo kafin ya riƙe jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa, a hannu. Saboda haka wasu iyaye ke gudun ofisoshin, su bar abin sai ya zama dole. Lokacin da yake zama dole kuwa shi ne rajistar jarrabawa, inda ake neman raƙam waɗani, lambar ɗan ƙasa da ofishin sijil madani, mai rajistar 'yan ƙasa, ke bayarwa tun 2011. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku koma littafin ƙidaya, ku ware yara kashi uku. Masu takardar haihuwa, waɗannan lamba kawai ta rage musu, kuma ta yaro a kan ta uba ake fitar da ita. Waɗanda ba su da takardar haihuwa, sai a kai su gaban kwamitin likitoci da ake kira ƙamsiyon a ƙiyasta shekarunsu, a ba su takardar tasnin. Kashi na uku su ne waɗanda uban kansa ba shi da lamba. A nan daga uban za a fara, da takardar shehun gari ko umda, da 'yan uwansa na jini da suka riga suka samu, su tsaya masa shaida.

Kada kowa ya tafi shi kaɗai. Ku haɗa gida goma ko sha biyar a mota ɗaya, da mutum guda mai Larabcin ofis a bakinsa, da jerin sunaye a rubuce. In yaran sun yi yawa, majalisa ta rubuta wa mahalliya ta roƙi a turo ma'aikatan rajista su zauna a makaranta kwana biyu, ku ɗauki nauyin masaukinsu da injin wuta. Kuma rashin takarda kada ya sa a zaunar da yaro a gida. A roƙi mudir, wato shugaban makaranta, ya rubuta shi a aji, takarda ta biyo baya.

Mataki na huɗu: majalisar makaranta da kuɗinta

A takardun ofis sunanta majlis tarbawi, tsofaffi kuwa har yanzu majalisar iyaye suke cewa. Mudir yana ciki, da wakilin malamai, sauran iyaye ne da aka zaɓa a taron gari. Shawarata: kada ku ba shehun gari ko liman shugabanci. Ku bar su a sama, don ranar da rigima ta tashi a samu wanda za a kai wa ƙara. Ku sa mata aƙalla biyu, da mutum ɗaya daga kowace ƙabila da ke shan ruwan garin, ko da gidajensu biyar ne. Makarantar da aka fara kira "ta su wane" ta kama hanyar mutuwa.

Ma'aji daban, mai rubutu daban, kuma kada su fito gida ɗaya. Duk jine, wato kuɗin Sudan, da ya shigo a yanka masa rasit. Duk ƙarshen wata, bayan sallar Juma'a, a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a ƙofar masallaci, da Hausa da Larabci. Ranar da na fara yin haka wani dattijo ya tare ni ya ce, "Ɗana, wa ya ce ka ci kuɗi da za ka tsaya kana wanke kanka?" Na ce, "Baba, don kada a ce ɗin ne." A watan da ya biyo shi ne na farkon kawo nasa.

Batun kuɗin da ake karɓa wurin iyaye yana son hankali. Tsarin mulkin 2005 ya ce karatun farko kyauta ne kuma tilas, takardar tsarin mulki ta 2019 ma ta maimaita. Abin da majalisa ke tarawa gudummawa ce, kuma ba a korar yaro daga aji a kanta. Wanda ya kora ya karya doka, ya kuma yi asarar ɗalibi, domin uban da aka kunyata ba ya sake turo ɗansa. A rubuta marayu da gidajen da ba su da hali a asirce, a yafe musu, sannan a kai jerin ofishin diwanin zakka na mahalliya a nema musu tufafin makaranta da littafin rubutu.

Lokacin karɓa shi ne kaka. Manomi a watan Yuli ba shi da ko sisi, komai yana cikin ƙasa. In aka yanke riɗi a Oktoba, aka shiga girbin dawa, sai a bi gida gida da mudu da buhu. Masunci ya kawo nasa ranar da kamu ya yi kyau. 'Yan gari da ke Kartum ko Bur Sudan ko Jidda a buɗe musu zaure a WhatsApp, su turo ta Bankak, manhajar banki ta waya, a riƙa sa musu hoton rasit da hoton aikin. Kuma da yadda jine ke narkewa a 'yan shekarun nan, kada kuɗi ya kwana a akwati. Ya shigo yau, gobe ya zama siminti, ko alli, ko buhun dawa a ɗakin ajiya.

Mataki na biyar: neman tasdiƙ

In sabuwar makaranta ce, ko ƙarin aji, ko raba maza da mata, sai da amincewar hukuma a rubuce, wato tasdiƙ. In babu shi, ba malami, ba littafi, kuma yaranku ba za su zauna jarrabawa da sunan makarantarku ba. Takardar buƙata shafi ɗaya ta isa: sunan ƙauye, yawan yara maza da mata gwargwadon shekaru, nisan makaranta mafi kusa, da abin da gari ya ɗauki alkawarin yi da kansa. A manna mata kwafin ƙidaya da taswira, shehun gari ya buga hatimi, wahda idariyya ta sa hannu, sannan a kai mahalliya.

Filin makaranta a fitar da shi tun yanzu, da faɗi, a rubuta kyautarsa gaban shaidu, a kai hukuma ta san da shi. Filin da aka bayar da baki, ranar da mai shi ya rasu magada za su zo da igiyar awo.

Kowace takarda ku yi mata kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan naku. Tamu ta farko ɓata ta yi a cikin wani ofis, kuma ba mu da abin nunawa. Zuwa da kai ya fi saƙo: mutum ɗaya mai haƙuri, wanda ba ya ɗaga murya, ya riƙa leƙawa duk mako biyu har masinja ya san sunansa. A nemi zuwan muwajjih kafin damina ta rufe hanya, a aika masa abin hawa. Ranar da zai zo, yaran da ke cikin littafi su kasance a zaune a filin, ko a kan tabarma ne.

Mataki na shida: malamin da zai zauna

A nan makarantun karkara suke faɗuwa. Samun takardar turo malami abu ne mai yiwuwa, riƙe shi ne aiki. Saurayi ne ko budurwa daga birni, albashi bai taka kara ya karya ba kuma yana makara, an jefo shi garin da ba wuta, ba ya jin yaren da ake yi a kasuwa. Sai ya zo ranar Litinin ya koma Laraba, alhali mako daga Lahadi yake zuwa Alhamis. In damina ta sauka ya ɓace gaba ɗaya, ya fara neman a mayar da shi kusa da gida.

Saboda haka mez, wato masaukin malamai, shi ne ginin farko, kafin aji. Bukka biyu masu kyau da danga, gadon igiya, gidan sauro, randa, ban ɗaki mai ƙofa, da ɗan farantin hasken rana na cajin waya da fitila. Malamai mata a sauke su a gidan dattijuwa mai mutunci, a keɓe musu sashe. Iyayensu ba za su bar su su zauna ba sai sun ji inda za su kwana. A raba kwanon abinci gida gida, kowace rana da gidan da zai kai, a rubuta a manna. Wata ustaza, wato malama, da ta yi shekara huɗu a wurinmu, da za ta tafi na tambaye ta abin da ya zaunar da ita. Ta ce daren farko da zazzaɓi ya kama ta, tsohuwar gidan ta kwana a bakin gadonta tana cewa, "Sannu 'yata, sannu." Babu wannan a cikin kasafin kowace majalisa.

Duk da haka magani mai ɗorewa 'ya'yan gari ne. Ku duba waɗanda suka ci shahada sudaniyya suna zaune. A fara da su a matsayin muta'awin, malaman sa-kai, majalisa na ba su ɗan ihsani duk wata, da sanin ofishin ilimi don a riƙa kiransu horo. Masu digiri da za su yi hidimar ƙasa a roƙa a turo su makarantar garinsu. Ranar da aka buɗe ɗaukar malamai, majalisa ta bi takardunsu da ƙafarta. In kuma akwai yarinya mai kai da ta samu kwalejin tarbiyya, wato ta horon malamai, gari ya haɗa mata kuɗin mota da na hannu. Shekara huɗu kamar gobe ne.

In malami yana fashi, kada a tare shi gaban yara, kada kuma a tsallake mudir. Mudir da wakil, wato mataimakinsa, tukuna, sannan muwajjih.

Mataki na bakwai: aji ɗaya da matsalar harshe

Ɗan shekara shida a ƙauyenmu da Hausa yake mafarki. Ya shiga aji, ustaz ya buɗe baki da Larabcin littafi, wanda ko Larabcin kasuwa ba shi ba ne. Na taɓa tsayawa a taga ina kallon wani yaro da na sani da surutu kamar kanari. Ustaz ya nuna hoton kaza ya ce "dajaja", aji ya amsa, shi ma ya motsa leɓe. Aka ce ya taso ya nuna dajaja a allo, ya tsaya yana murza bakin rigarsa har aka ce ya zauna. Wata uku a haka sai a ce yaro daƙiƙi ne, ya maimaita aji, shekara ta biyu uban ya ce gara ya bi shi kogi.

Abu uku ke rage wannan. Na farko, aji ɗaya da aji biyu a ba malamin da ke jin Hausa, kuma mafi ƙwarewa, ko da za a yi jayayya da mudir, tunda al'ada ita ce a ajiye gwani a manyan azuzuwa saboda jarrabawa. Darasi da Larabci zai tafi, amma in ya ga idanu sun yi fari ya faɗa da Hausa sau ɗaya ya komo. Na biyu, rauda, wato ajin share fage, ta shekara biyu kafin aji ɗaya, ko da rumfa ce da yarinya ɗaya mai koya musu waƙa da ƙirga da sunayen abubuwa da Larabci.

Na uku shi ne malamin halwa, kuma a nan sai an bi a hankali. Kakanninmu da suka biyo hanyar gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, da waɗanda hanyar hajji ta ajiye a nan, da allo suka zo a rataye. Duk wanda ya nuna wa gari cewa makarantar gwamnati kishiyar halwa ce, shi zai sha ƙasa. Ku je wurin malam da kanku, ku zauna a ƙasa, ku ce, "Allah gafarta Malam, mun zo neman shawara ne." A raba lokaci: asuba zuwa hantsin farko nasa, a sake su kafin ɗabur, wato layin safe na makaranta, la'asar da dare kuma su komo gare shi. Yaron da ya iya babbaƙu da farfaru ya riga ya san haruffan da za a koya masa a aji ɗaya, abin da ya rage masa ma'ana ce. In malam ya faɗa da bakinsa cewa a tura yara, kun huta da rabin wa'azi.

Mataki na takwas: yanzu sai gini

Ku fara da abin da ke hannu. Rakuba, wato rumfar kara, ko ɗakin ciyawa mai tsawo yana ɗaukar aji shekara guda, in an gyara shi da gayya, wadda maƙwabtanmu ke kira nafir, kafin ruwan farko. Ginin ƙwarai kuwa aji ɗaya duk kaka ya isa. Ku karɓo awo daga injiniyan mahalliya, don kada a gama a ce bai cika ƙa'ida ba.

Ƙasarmu baƙar laka ce, da rani ta tsage har ƙafar jaki ta shige, da damina ta kumbura. Ginin da aka ɗora mata kai tsaye shekara biyu ya isa bango ya buɗe baki. A haƙa tushe da zurfi, a zuba yashi da tsakuwa a daddaɓe, a ɗaure ƙasan bango da ƙarfe da siminti zagaye, a ɗaga daɓe sama da inda ruwa ke kwanciya. Kuɗin da ya tafi ƙarƙashin ƙasa ba ya burge mai wucewa, shi ya sa ake son a rage shi. Kada ku yarda. Tagogi su kalli arewa da kudu, ta nan iska ke zuwa, rana kuma ba za ta faɗo kan allo ba. Kwano a ɗaure shi da kyau saboda guguwar farkon damina.

Ban ɗaki na 'yan mata daban, nesa da na maza, da ƙofa mai sakata da buta. Yarinyar da ta fara girma ba za ta faɗa wa kowa dalilin da ya sa ta daina zuwa ba. Ruwan sha kuma: randuna a jere ƙarƙashin darbejiya, da murfi da moɗa mai dogon hannu, da mai amalanken jaki da aka yi yarjejeniya da shi ta wata wata. Ijlas, wato abin zama, a fara da manyan azuzuwa masu yawan rubutu. Bencin ƙarfe ya fi na katako jure gara.

Faɗur da kaka

Yaron da ya fito da ruwan shayi kaɗai a ciki, in aka tashi faɗur, wato hutun karin kumallo, ya tafi gida ba lalle ya dawo ba. A samu mata biyu su riƙa dafa ful ko ɗanwake a bakin makaranta da araha, majalisa ta biya na marayu daga dawar ajiya. Lokacin yankan riɗi kuwa, wanda ba ya jiran kowa, da tsinkar auduga, aji kan rage rabi. Faɗa da iyaye ba ya hana wannan. A zauna da mudir a sassauta na 'yan kwanakin, a rama darasi da yamma ko ranar Asabar.

In makaranta ta zama masauki

Rikicin Nilul Azraƙ na Yulin 2022 ya tura dubban mutanenmu cikin makarantu, yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 kuma ya rufe karatu a ƙasar baki ɗaya. 'Yan shahada sudaniyya na 2023 sai a Disambar 2024 suka zauna jarrabawarsu. Wanda ya shiga aji bayan tashin masu gudun hijira ya san kamanninsa: baƙin hayaƙi a kusurwa, ƙusoshin da aka rataya labule, benci ya tafi a murhu. Ba abin zargi ba ne, da yawanmu mun kwana a ajin wasu.

In har yanzu akwai mutane a ciki, a fara nema musu wurin komawa tare da mahalliya, ko a raba: wasu azuzuwa nasu, karatu ya koma safe da yamma a sauran. In an yi faɗa a yankin, kada yaro ya taka filin sai hukuma ta duba shi, kuma a gargaɗe su kan ɗaukar duk wani ƙarfe da ba su sani ba. A yashe ban ɗaki, a shafa farar ƙasa, a sake ƙidaya daga farko, da 'ya'yan baƙi a ciki. Waɗanda shekarunsu suka wuce ajinsu kada a cusa su cikin ƙanana, kunya za ta kore su. A tambayi ofishin ilimi shirin yafi'in, na yaran da karatu ya wuce, a buɗe musu aji da yamma.

Mataki na ƙarshe: aji shida da abin da ke bayansa

Tun farkon shekara mudir ya tattara takardun 'yan aji shida, majalisa ta gwada kowane suna harafi da harafi da wanda ke kan raƙam waɗani, kafin a aika a fitar da lambar zama. Cibiyar jarrabawa sau da yawa a wani gari take. A je a ga wurin tun da wuri, a samo gidan da yara za su sauka, mata daban da dattijuwar da za ta raka su, a tanadi mota ko tarakta, da dawa da mai da sukari na kwanakin.

Sai maganar da na ce za mu komo kanta. Ƙauye ɗaya da wuya ya cika ajin mutawassiɗa shi kaɗai, amma ƙauyuka uku ko huɗu da ke kusa za su cika. Tun yaranku suna aji huɗu ku fara zama da majalisun maƙwabta, ku haɗa ƙidaya wuri guda, ku kai buƙata ɗaya da hatimin shehunan duka. Rigimar da za ta taso ita ce a garin wa za a gina. Ku ɗauko taswirar nan ta hannu, ku zaɓi wurin da yaran kowane ƙauye za su isa ba tare da sun tsallaka kwari da damina ba, ko da fili ne tsakanin garuruwa. Kafin tasdiƙ ya fito, a yi yarjejeniya da mai amalanke ko mai raksha, wato babur mai ƙafa uku, da zai riƙa kai 'yan mata mutawassiɗa mafi kusa ya dawo da su, kuɗinsa daga asusun majalisa, kuma a fara biyansa tun makon farko na buɗe makaranta.